Yadda Ake Zagayawa da Baƙo a Birnin Kano Ranar da Ake Ruwa

Dalilin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan al'amari, wanda wani zai ga kamar bai kai a ɓata masa tawada ba, shi ne abin da nake gani kowace damina daga samarin da suka shigo wannan sana'a tamu ta rakiyar baƙi, da kuma magidantan da Allah kan kawo wa baƙo daga nesa ya ce yana son ya ga gari. Da zarar hadari ya haɗo sai su rabu gida biyu. Na farko su ne masu saurin karaya, waɗanda kan ce wa baƙo yau kam babu fita, su bar shi a ɗaki yana kallon bango, alhali kuwa la'alla kwana biyu kaɗai gare shi a garin, bai kuma san ranar da zai sake dawowa ba. Na biyu su ne masu ƙarfin hali, waɗanda kan ɗauko tsarin da suka saba bi da rani su ɗora wa damina ba tare da sun sauya ko harafi ɗaya ba, su hau da mutum dutsen Dala ana walƙiya, su ratsa da shi kasuwar Kurmi cikin caɓi, su ciyar da shi abin da ƙuda ya wuni a kai, har ziyarar da aka yi domin nishaɗi ta ƙare a gadon asibiti. Dukansu biyu abu guda suka jahilta, watau cewa ruwan sama yana da ɗabi'a da lokaci da alamomi, wanda kuwa ya san su yana iya shirya wuninsa yadda ruwan zai same shi a ƙarƙashin rufi, in ya ɗauke kuma ya same shi a sarari. Baƙo amana ne a hannun mai rakiya tun daga fita har komowa, saboda haka ga abin da na sani, na rubuta shi daki-daki domin mai farawa.

Kayan da ya wajaba a tanada

Abu na farko takalmi ne, domin shi ne ya fi kunyata mai rakiya. Takalmin fata mai tsada da silifa mai sulɓin ƙasa duka ba su da amfani a wannan rana: na farko ruwa zai lalata shi, na biyu kuwa zai kayar da mai shi, ko ya maƙale a taɓo ya tsinke. Abin da ake so shi ne takalmin roba ko na danƙo mai rufe yatsu, wanda ƙasansa ke da zane mai kama ƙasa, domin a ƙarƙashin ruwan da ke gudu a lunguna akwai fasassun kwalabe da ƙusoshi da ido ba ya gani. In baƙonka bai zo da irinsa ba, ka saya masa tun da dare, ba shi da tsada.

Na biyu laima, kowa da tasa, sa'an nan rigar ruwa mara nauyi in akwai hali. Ka sani laima maganin yayyafi ce da ruwan da ke sauka a natse. Ba ta jure iskar da ke gabatar hadari, wanda kuwa ya buɗe ta a wannan lokaci zai ga ta juye ta karye a hannunsa. Na uku ledoji masu kauri guda uku, ɗaya ta waya da takardun shaida, ɗaya ta rigar sauyi da ƙaramin tawul, ɗaya kuma a bar ta haka domin abin da za a saya. Mai hula ta zanna ko ta dara ya tanadi leda dominta ita ma, gama ruwa ɗaya ya isa ya ɓata wankinta. Na huɗu tsabar kuɗi ƙanana, domin idan hadari ya taso sau da yawa sabis kan yi rauni, mai dogara ga aika kuɗi ta waya sai ya tsaya gaban mai abinci ya rasa abin yi. Na biyar tocila, saboda ɗaukewar wutar lantarki abu ne da ya saba tafiya tare da ruwa. Na ƙarshe ruwan sha na gora wanda ba a taɓa buɗewa ba, da ɗan sabulu, da maganin da baƙo ya saba sha in yana da wata larura.

Sutura kuwa, a guji doguwar riga mai jan ƙasa da farar shadda. Mace ta ɗaura zanenta yadda ba zai sha ruwa ba, ta zaɓi mayafi ko hijabi mai saurin bushewa.

Mataki na 1: Duba sama kafin duba hanya

Daminar Kano takan fara leƙowa a watan Mayu, ta zauna a Yuni, ta kai maƙura a Agusta, lokacin da muke kira marka, sa'an nan ta janye wajen ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. A cikin waɗannan watanni ruwa iri biyu ne, kowanne da hukuncinsa, kuma rashin rarrabe su shi ne tushen yawancin kuskure.

Na farko shi ne ruwan hadari, wanda ya fi yawa a farkon damina da ƙarshenta. Alamarsa ita ce gari ya yi zafi ya ɗauke iska tun da hantsi, jiki ya yi ta gumi, sa'an nan wajen la'asar ko da dare ka ga gabas ta yi baƙi, domin hadarin ƙasar nan daga gabas yake tasowa ya nufi yamma. Daga nan sai wata iska mai sanyi ta taso da ƙura da ledoji, kuma tsakaninta da saukar ruwa 'yan mintoci ne ƙalilan. Irin wannan ruwa yakan zuba kamar da bakin ƙwarya, amma galibi ba ya daɗewa, bayansa kuma gari ya yi wasai. Hukuncinsa shi ne a yi sammako, a gama da wuraren da ba su da rufi kafin azahar, a bar masu rufi su zama na yamma.

Na biyu shi ne ruwan marka, wanda kan fara tun da asuba ko cikin dare, babu iska mai yawa, babu tsawa sosai, sai dai gari ya lumshe, ruwa ya yi ta sauka yana tsagaitawa yana komowa har rana ta raba. Wannan hukuncinsa kishiyar na farko ne: a fara da wurare masu rufi, a jinkirta na sarari zuwa lokacin da Allah ya sa ya ɗauke. Yana da kyau a saurari hasashen hukumar kula da yanayi ta ƙasa, watau NiMet, a rediyo ko a waya, amma kada wannan ya hana ka fita tsakar gida ka ɗaga kai ka dubi gabas da idonka, domin hasashe na yanki ne gaba ɗaya, kai kuwa unguwar da za ka shiga ce ta dame ka.

Mataki na 2: Rage wurare, ka kuma raba su

Da rani mutum yana iya kai baƙo wurare shida ko bakwai a wuni guda. Ranar ruwa uku sun isa, in sun yi yawa huɗu, kuma ya kamata su kasance kusa da juna. Hikimar wannan ita ce, abin da ke cinye lokaci a ranar ruwa ba kallo ba ne, tafiya ce tsakanin wuri da wuri, domin hanyar da kan ci minti goma sai ta ci sa'a guda saboda cunkoso da ruwan da ya kwanta a titi.

Masu rufi su ne Gidan Makama, da Gidan Ɗan Hausa a Nassarawa, da Mambayya a Gwammaja, da ɗakin karatu na Murtala Muhammad, da manyan kantunan zamani irin na Ado Bayero a titin Gidan Zoo ga wanda ke son sayayya cikin natsuwa. Marasa rufi su ne Dala, da Goron Dutse, da ragowar ganuwa da ƙofofinta, da gidan namun daji na Audu Bako, da karofin Ƙofar Mata. Kasuwar Kurmi da Kantin Kwari suna tsakani, domin rumfunansu a rufe suke amma lungunansu su ne hanyar ruwa. Ka tambayi lokacin buɗe kowane wuri tun jiya da yamma, kada ka kai baƙo cikin ruwa ku tarar da ƙofa a garƙame. In ranar ta kama Juma'a, ka tuna hanyoyin da ke kewaye da babban masallaci kan toshe tun kafin azahar.

Mataki na 3: Abin hawa

Tun da aka hana haya da babur a Kano a 2013, adaidaita sahu ta zama abin hawan jama'a, kuma ita ce ta fi iya kutsawa lungunan cikin birni. Amma aibinta a damina shi ne ba ta da ƙofa, sai labulen leda, kuma duk motar da ta gifta sai ta watsa wa na ciki ruwan titi. Saboda haka in kana da hali ka ɗauki mota shata ta wuni guda, in ba hali ka ɗauki adaidaita mai labule lafiyayye, ka zaunar da baƙo a tsakiya ko a ɓangaren da ba ya fuskantar titi. Ku gama ciniki tun kafin hadari ya haɗo, domin da zarar an fara yayyafi kuɗi kan tashi, abin hawan ma ya yi wuyar samu.

Sharaɗi guda ka kafa wa direba, kada kuma ka sassauta: ba za a shiga ruwan da ba a ganin ƙasansa ba. Gadojin ƙasa da aka yi a 'yan shekarun nan suna tara ruwa idan an yi mai ƙarfi, kuma ruwa mai gudu da bai wuce gwiwa ba ya isa ya ture adaidaita. Haka nan in kuna tafiya a ƙasa, kai ne a gaba, baƙo yana bin sawunka, domin lambatu da yawa ba su da murfi, idan suka cika kuwa ba a bambance su da titi.

Mataki na 4: Gidan Makama, da yadda ake cin ribar ruwan

A ganina babu wurin da ya fi dacewa da wannan rana kamar Gidan Makama, kuma kuskure ne babba a shiga shi da gaggawa a fita cikin rabin sa'a kamar yadda samari ke yi. An gina gidan a ƙarni na 15 domin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarautar Kano daga 1463 zuwa 1499, kuma shi ne ya gina fadar da ake kira Gidan Rumfa ya kuma kafa kasuwar Kurmi. Bayan da Turawan Ingila suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903 sun yi amfani da gidan na ɗan lokaci, daga baya aka mai da shi gidan adana kayan tarihi. A ciki baƙo zai ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, da kayan yaƙi irin su sulke da lifidi da takubba, da hotunan sarakuna, da kayan kiɗa da na sana'o'i. Ka nemi ɗaya daga cikin ma'aikatan gidan ya yi bayani, ka kuma nemi izini kafin ɗaukar hoto.

To, amma fa'idar da ranar ruwa ta keɓanta da ita ba a cikin akwatunan gilashi take ba, a jikin ginin take. Ka tsayar da baƙonka a bakin soro ka nuna masa yadda indararo ke tattara ruwan rufi ya cilla shi nesa da gindin bango, ka gaya masa cewa ginin ƙasa ba ruwan sama ne ke kayar da shi ba illa ruwan da ya kwanta a kansa ko a gindinsa, shi ya sa magina na da suka mai da hankali ga gangaren rufi da tsawon indararo, suka kuma wajabta yaɓe kafin kowace damina. Ka sa ya ɗaga kai ya ga azara da ɗaurin guga, yadda aka ɗauki nauyin rufi mai faɗi ba tare da ƙarfe ko siminti ba. Ka gaya masa labarin makuba da ake samu daga kwasfar ɗorawa a shafe bango da ita, da laso da ake haɗawa da katsin marina da gashin akuya da dafara domin ya hana ruwa ratsawa. Wanda ya zo da rani labari kawai zai ji, wanda ya zo da damina kuwa da idonsa zai ga hikimar tana aiki.

In ruwa ya tsagaita, daga nan zuwa ƙofar fada da babban masallacin Juma'a, wanda aka kammala ginin da ake gani yanzu a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, tafiya ce 'yar kaɗan. In kuwa bai tsagaita ba, ku wuce Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer ya zauna, wanda ya buɗe makarantar boko a Nassarawa a 1909. Ginin kansa da zanen da ke jikinsa sun isa kallo. Mai sha'awar siyasa kuma a kai shi Mambayya, gidan Malam Aminu Kano, wanda ya rasu a 1983, inda yanzu Jami'ar Bayero ke kula da wurin, ya ga irin ɗakin da mutumin ya zauna da ƙarancin abin da ya mallaka.

Mataki na 5: Idan ruwa ya riske ku a hanya

Komai kyan shiri wata rana sai ruwa ya rutsa da ku, kuma a nan ne ake gane wanda ya san aikinsa. Wurare huɗu haramun ne a gare ka ka fake da baƙo a cikinsu: gindin bishiya, saboda tsawa da karyewar reshe, gindin tsohuwar katangar ƙasa ko ganuwa, domin bangon da ya sha ruwan kwana da kwanaki ba ya sallama kafin ya faɗi, kusa da turken lantarki ko taransifoma ko wayar da ta faɗo, da ƙarƙashin allon talla ko rumfar kwanon da iska ke ɗagawa. Abin da za ka nema shi ne ginin siminti mai ƙarfi, ko shago, ko zaure, ko barandar masallaci.

Fakewa kuma tana da ladabi. Ka yi sallama, ka nemi izini, kada ku tare wa mai shago ƙofa, kada ku karkaɗe laima a kan hajarsa, in kuma kun daɗe ka sayi wani abu ko da kaɗan ne. Mutanen birni ba su cika hana baƙo mafaka ba, kuma sau da yawa hirar da baƙo zai yi da dattijon da ya ba shi benci a zaure ita ce za ta fi zauna masa a rai fiye da dukan abin da ka nuna masa; saboda haka kada ka katse ta da duban agogo.

Akwai mas'aloli biyu na addini da baƙi kan tambaya, ya kamata mai rakiya ya san su. Ta farko, taɓon hanya da ya fantsamar wa mutum a tufa: malamanmu na mazhabar Malikiyya sun bayyana, kamar yadda yake a Muhtasar na Shehu Halilu, cewa taɓon ruwan sama abin rangwame ne, ana salla da shi matuƙar najasa ba ta rinjaye shi ba kuma ba a ga ainihinta ba. Baƙin ruwan kwata kuwa hukuncinsa daban, a wanke shi, nan ne rigar sauyi ke amfani. Ta biyu, kada baƙo ya yi mamaki in ya ga liman ya haɗa magariba da lisha a daren ruwa, domin sauƙi ne da shari'a ta yi wa masu salla cikin jam'i a masallaci, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid ta ambace shi. In baƙonka ba Musulmi ba ne, ka samar masa busasshen wurin zama kafin ka shiga salla.

Mataki na 6: Abinci

Wannan shi ne babin da ya fi kowanne hatsari, kuma shi ne ya fi kowanne daɗi in an bi ƙa'ida. Ƙa'idar kuwa guda ce: a ci abin da aka sauke daga wuta a gaban ido, yana tururi. Dalili shi ne, da damina ƙuda kan yawaita, ruwan sama kan kwashe ƙazantar kwatoci ya kai rijiyoyi da fasassun bututu, shi ya sa amai da gudawa da zazzaɓin taifot suka fi yaɗuwa a wannan lokaci. Kuma cikin baƙo bai saba da abin da cikinka ya saba da shi ba, abin da kai za ka ci ka kwana lafiya shi yana iya kwantar da shi.

Da safe, koko ko kunun gyaɗa mai zafi da ƙosan da aka tsamo daga mai yanzu, ko waina daga tanda da miyar taushe, ko teburin mai shayi inda ruwa ke tafasa a kan wuta ana soya ƙwai a gabanka. Da rana, gidan abinci mai rufi da daɓe mai tsabta, wanda jama'a ke yawan shiga, domin inda ciniki ke gudu abinci ba ya kwana. Ku isa da wuri, tsakanin azahar da abin da ya biyo baya kaɗan, lokacin da tukunya ke sabuwa. Tuwon shinkafa ko na masara da miyar kuka, ko miyar ɗanyar kuɓewa wadda damina ce lokacinta, ko ɗanwake da aka tsamo daga tafasasshen ruwa, ko faten tsaki da yakuwa, ko farfesun kayan ciki mai citta da masoro: waɗannan su ne abincin ranar sanyi, suna ɗumama jiki suna kuma kore kasala. Kafin ka yi oda ka tambayi baƙo yadda yake da yaji, da ko likita ya hana shi wani abu, domin kunya takan sa baƙo ya ci abin da zai cutar da shi don kada ya ɓata wa mai masauki rai.

Gurasa fa? Babu baƙon da ya kamata ya bar Kano bai ɗanɗana ta ba, kuma unguwar Jakara ta yi suna a kanta. Amma ka lura da wani abu da masu farawa ba su lura da shi: bandashe ana tsoma gurasar ne cikin ruwa kafin a barbaɗa ƙuli-ƙuli a zuba mai da ɗanyar albasa da tumatir, saboda haka lafiyarsa tana rataye ne ga tsabtar wannan ruwa da wannan kayan lambu. In ba ka amince da mai sayarwar ba, ka sayi gurasar da zafinta daga tanderu, a ci da tsire ko da miya ko da shayi. Tsire da balangu kuma, ko da mai tukuba ya rantse yanzu ya sauke, ka roƙe shi ya mayar da naka kan garwashi har ya yi ƙara. Kilishi rana ce ke busar da shi, marka kuwa ba ta da rana, saboda haka a sansana shi, a duba ko ya yi laushi ko danshi, a sayi kaɗan daga wanda aka sani kamar masu yi a Agadasawa, a kuma sa a ɗan gasa shi.

Abin da za a haƙura da shi a wannan rana, duk da son da ake yi masa, shi ne kwaɗon ɗanyen ganye, da salak, da yankakkiyar kankana ko abarba da aka jera a faranti a buɗe, da zoɓo ko kunun zaƙi na ƙulli, da duk abin da aka jefa wa ƙanƙarar da ba a san ruwanta ba. Fura da nono ma, in ba a gidan da ka san tsabtarsa za a dama ba, a jinkirta. A madadinsu damina ta zo da nata kyautar: gasasshiyar masara daga kan wuta, da dafaffiyar gyaɗa da gurjiya waɗanda ɓawonsu ya kare su, da ayaba da lemo da mutum zai ɓare da hannunsa bayan ya wanke shi da sabulu.

Sai gargaɗi guda ga 'yan'uwana masu wannan sana'a, ina kuma yin sa ne da gaske. Kada ka kai baƙo gidan abinci domin mai gidan yana ba ka la'ada a ɓoye alhali ka san wurin ba shi da tsabta. Wannan ha'inci ne da cin amana, kuma abin da za ka samu bai kai kuɗin allura ɗaya ba in mutumin ya kwanta.

Mataki na 7: Bayan ruwa ya ɗauke

Kada ku zabura da ɗaukewar ruwa. Ku ba shi kamar rabin sa'a ko fiye domin kwatoci su janye. Sa'an nan ku nufi karofin Ƙofar Mata, wanda ake cewa tun 1498 ake rini a cikinsa. Marina kan rufe ramukansu in ana ruwa don kada baba ya tsinke, shanya kuma takan tsaya, saboda haka mai yiwuwa ba za a ga aiki sosai ba. Amma masu bugu suna ƙarƙashin rufi, kuma kallon yadda suke sauke mabugi bi da bi har yadi ya yi ƙyalli ya isa dalilin zuwa. Bakin ramukan yana da santsi, ka riƙe yara.

Kurmi tana gefen rafin Jakara, wanda aka rufe wani sashe nasa aka shimfiɗa titi a kai, kuma ƙasa ce mai gangare da ruwan unguwanni ke bi. Ku shiga ta layin da ka sani, ku tsaya a wajen masu kayan fata, ko masu sirdi da linzami, ko masu turare da kayan yaji, ku zauna a rumfa ɗaya ko biyu a yi ciniki a natse maimakon a ce sai an zaga ko'ina. Kantin Kwari kuwa, wanda ya ga yadda ruwa ya shiga shaguna a daminar 2022 ba zai kai baƙo can ana tsakar ruwa mai ƙarfi ba.

Dala a bar ta ƙarshe, kuma da sharaɗin cewa sama ta washe sarai, babu sauran walƙiya ko rugugi ko daga nesa, domin tsawa wuri mai tudu take nema. In sharaɗin ya cika, ku hau a hankali ta matakala, kuma haƙiƙa babu lokacin da birnin ya fi kyan gani daga can kamar bayan ruwa, sa'ad da ƙura ta kwanta, ido yana kaiwa har Goron Dutse da hasumiyoyin masallaci da korayen gonakin bayan gari. A nan ne za ka ba shi labarin Barbushe da Tsumburbura, da yadda Sarki Gijimasu ya fara ginin ganuwa a ƙarni na 12. In sharaɗin bai cika ba, a haƙura, ko da baƙo ya nace.

Mataki na 8: Komawa masauki

Ku juya gida kafin duhu, domin ramin da aka kauce wa da rana ba a ganinsa da dare, hadari na biyu kuma sau da yawa da dare yake zuwa. Da isarku baƙo ya wanke ƙafafunsa da sabulu, ya duba ko ya yanke bai sani ba, ya sauya tufa, a kawo masa abu mai zafi. Ka tabbata akwai gidan sauro a gadonsa, gama kududdufai da ruwan da ya kwanta a lunguna su ne matattarar sauro a wannan lokaci.

Kashegari ka je ka gaishe shi ka tambayi yadda ya kwana, ko da an riga an biya ka hakkinka. Kafin ya bar gari kuma ka gaya masa a fili cewa zazzaɓin cizon sauro ba ya bayyana a ranar da aka ciji mutum, yakan ɗauki mako guda ko fiye, saboda haka in ya koma garinsu ya ji zazzaɓi ko ciwon kai, ya je a gwada jininsa ba tare da jinkiri ba, ya kuma shaida wa likita cewa daga Kano ya fito cikin damina. Wasalam.